Cokalin Ɗanɗano

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau. Yaya maigidan, yaya gwiwar nan taki mai rigima, yaya jikoki da ƙiriniyarsu? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na san kin yi ta kira ban ɗauka ba, na kuma san matata Maman 'Yan Biyu ta ce miki maƙogwarona ke ciwo. Ba ƙarya ta yi ba, yana ciwo. Amma ko lafiyarsa lau, ba na jin zan iya faɗa miki maganar nan kina saurarena, shi ya sa na roƙi nas takarda da biro. Na koma asibiti, Yaya.

Kin tuna da na gaya miki za a yi mini aikin rage tumbi, kika ce ba za ki hana ni ba, tunda likitoci sun ce sukari da hawan jini na neman kayar da ni, kuma ke da idonki kin ga ba na iya ɗaura igiyar takalmina sai 'yan biyu sun durƙusa. Abu ɗaya kika roƙe ni, in zauna a gida in cinye hutun da aka ba ni. Na ce to. Ke kuwa kin san irin "to" ɗina.

Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Sun yanke mafi yawan tumbin sun fitar, suka bar ɗan siriri kamar ayaba, suka ɗinke gefensa. Suka ce ruwa-ruwa kaɗai zan riƙa sha har ɗinkin ya kama. A otal kuwa ban gaya wa kowa gaskiya ba, ce musu na yi aikin ƙaba ne. Haba, babban kuku guda, wanda yaran kicin ke rawar jiki in ya yi tari, a ji an yanke masa ciki don ya kasa riƙe bakinsa? Da wane ido zan sake kallonsu?

Ina gida ina kurɓar romo kamar jariri sai labari ya iso ni cewa ana babban taro a otal, Dogo mataimakina ke riƙe da kicin, har manaja na yabon miyarsa. Dogo fa! Yaron da ya zo hannuna bai san bambancin soya albasa da ƙona ta ba. Na ce wa Maman 'Yan Biyu zan je in leƙa in dawo. Leƙawa ta zama wuni, wuni ya zama mako.

Zazzaɓi ne ya fara zuwa, sai kafaɗar hagu ta ɗauki ciwo, zuciya na dukan ƙirjina kamar na yi tsere. Na ce gajiya ce. Wata safiya ina tsaye ina yi wa wani faɗa a kan kifi, sai na ga firji yana tafiya, na zame na zauna a kan buhun dankali. Duk ramar da nake taƙama na yi, sai da aka taru kafin a kai ni mota.

Da aka ɗauki hoto sai aka ga ɗinkin ya buɗe ta sama, ɗan rami da bai kai ƙwayar wake ba. Abin da nake sha yana ɗiga ta nan, ya taru ya zama mugunya. Na sadaƙar sake farke ni za a yi. Sai aka turo mini wata likita, 'yar ƙarama da ita, a ido ba za ta girmi 'yarki ta fari ba. Ta ce naman wurin ya yi laushi, ko an sake ɗinkewa ba zai riƙe ba, don haka ta baki za ta bi. Tana da wani baƙin tiyo mai kaurin yatsa, da fitila da kyamara a kansa. Aka yi mini allurar barci, ta zura shi ta maƙogwarona tana kallon cikina a talabijin. Ta zuƙe mugunyar, sannan ta saka wani bututu na ragar waya mai rufin roba, ya buɗe a ciki ya rufe ramin kamar facin taya, yadda abin da na haɗiya zai bi ta cikinsa ya wuce har wurin ya warke.

Da na farfaɗo ta tambaye ni ko na ci wani abu mai tauri tun bayan aikin. Na ce ko ƙwayar shinkafa ban sa a bakina ba, na rantse mata, Maman 'Yan Biyu ma ta shaide ni. Ta ce abin yakan faru ko ga wanda ya kiyaye, amma tsayuwa gaban wuta daga safe zuwa yamma bai taimake ni ba.

Yanzu ga ni kwance. Abincina wani farin ruwa ne a leda, rataye a ƙarfe, yana bin siririyar roba ta hancina. Mutumin da ya shekara fiye da ashirin yana ciyar da ɗaruruwan mutane, yau ta hanci ake ba shi. Yaran kicin sun zo dubiya jiya, na ja bargo na yi kamar ina barci har suka gaji suka tafi. Kunya nake ji, Yaya, taki da tasu duka.

Don Allah kar ki taso da wannan gwiwar, kuma kar dangi su ji. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki mai kunnen ƙashi,
Randa

---

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa. Ina fatan kuna lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki. Amsarki ta iso, na karanta wankin babban bargon da kika yi mini, ban cire ko kalma ɗaya ba, duk na cancanta. Sai dai ki tanadi saura, don abin da zan faɗa miki yanzu ya fi na baya.

An sallame ni da bututun nan a ciki, aka ce in riƙa shan ruwa-ruwa in huta, bayan wasu makonni a cire. Maman 'Yan Biyu, Allah ya saka mata, ta daina soya komai a gidan don kada ƙamshi ya dame ni. 'Yan biyu sai su shige ɗaki su rufe ƙofa su ci burodi da shayi, kamar masu cin abin sata a gidan ubansu. Ni kuwa zaman gida ya ishe ni. Da manaja ya kira yana tambayar tsarin abincin wata mai zuwa, na ce bari in zo da kaina. Na yi wa matata alkawari ba zan taɓa tukunya ba, kuma wallahi ban taɓa ba. Kujera aka ajiye mini a bakin ƙofar kicin, daidai inda ake wucewa da abinci. Ina zaune ina kallo, ina gyara wa wannan, ina zagin wancan.

Ban daɗe da fara wannan zaman ba amai ya kama ni. Tun ina sha yana dawowa har ya zama ko yawuna ba ya wucewa. Muka koma wajen 'yar likitar nan. Bututun ya toshe, ya zame daga inda ta ajiye shi ya yi ƙasa. Ta sake sa ni barci ta kamo shi da tiyonta ta jawo shi waje.

Da rana ta shigo ɗakin riƙe da hotunan da kyamarar ta ɗauka, Maman 'Yan Biyu na zaune a gefen gado. Ta sake tambayata ko na ci wani abu. Na ɗaga murya, Yaya, na ce wai sau nawa zan rantse, ko an mai da ni yaro ne? Sai kawai ta miƙo mini hoton. A cikin bututun ga ƙwayoyin shinkafa, ga zaren naman kaza, sun cunkushe. A tsakiyarsu kuma ga wani ɗan karas, an yanka shi ƙarami, a karkace, mai kusurwa huɗu. Ai kin san yankan nan, kin sha yi mini tsiya a kansa. Shi nake fara koya wa duk yaron da ya shigo kicina, wanda ya kuskure in buge masa hannu da bayan ludayi. A duk garin babu inda ake yanka karas haka sai a ƙarƙashina.

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Ni da kaina na kafa doka tun zuwana otal ɗin, cewa babu tukunyar da za ta fita sai ta bi ta harshena. Duk wanda ya gama girki sai ya tsaya gabana ya miƙo cokali. Ina cikin magana zan buɗe baki, in ce a ƙara gishiri ko a rage wuta, in ci gaba da maganata. Ina kan kujerar nan suna ta wucewa suna miƙo mini, ina ta karɓa. Wancan makon na farko ma, kafin ɗinkin ya buɗe, haka aka yi. Ban taɓa jin ina cin abinci ba, kamar yadda ba kya jin kina ƙifta ido. Su kuma yaran ina laifinsu? Mai ƙaba suka sani, ba wanda ya ce musu mai ƙaba ba ya ɗanɗana miya.

Maman 'Yan Biyu ta dubi hoton, ta dube ni, ta tashi ta tsaya a bakin taga. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Abin da kawai ta faɗa shi ne yaranta sun yi makonni ba su ci abinci mai zafi a gidansu ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Likitar ma ba ta zage ni ba. Ta ja kujera ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ramin ya ƙara faɗi, kuma a bayansa an sami ɗan kogo da mugunya ke taruwa, bututu ba zai ƙara amfani ba. Dabara ɗaya ta rage mata ta baki, za ta gwada. In ba ta yi ba, sai likitocin tiyata su buɗe ni su cire ɗan tumbin da ya saura gaba ɗaya, su haɗa maƙogwaro da hanji. Ta ce babban aiki ne, kuma ga mai sukari irina, da ciki mai ɗauke da mugunya, ba za ta ɓoye mini ba, akwai haɗari. Ta ce ita tana so in mutu da tumbina bayan tsufa, amma ba za ta iya bina kicin ta riƙe mini baki ba.

Ki yi mini addu'a, Yaya. Ban san ma da wane baki nake roƙonki ba.

Naki,
Randa

---

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na ji an ce ƙaramin jikanki ya fara tafiya, Allah ya raya shi, ya sa kada ya gado cikin kakansa Randa.

Dabarar da na ce miki, soso ne. Kar ki yi dariya, soso sosai, baƙi, ɗan ƙarami, da ka gan shi ka ga na wanke tukunya. Likitar na yanka shi daidai girman kogon, ta ɗaure a bakin siririyar roba, ta kai shi wurin da tiyonta ta cusa. Robar ta biyo ta hancina ta shiga wani ɗan inji a gefen gado, shi kuma yana ta zuƙa ba dare ba rana, yana janye ƙazanta, wai hakan ke sa sabon nama ya tsiro ya cike ramin. Duk bayan 'yan kwanaki sai a sake sa ni barci a canja soson, kuma kowane canji ƙarami take sawa fiye da na baya. Ta baki kuwa ko ɗigon ruwa ba na sha, sai dai a jiƙa mini leɓe da auduga.

Ɗakin namu na mutum shida ne. Sau uku a rana ake turo keken abinci, ni kuma hancina guda ɗaya da ya rage yana aiki. Tun daga baranda nake sanin an ƙona albasa ko an cika wa shinkafa ruwa. Sai in juya wa bango fuska.

Manaja ya zo ranar Talata. Bayan dubiya ya sauke murya ya ce lokacin tarurruka ya matso, masu otal na son babban kuku a tsaye farkon wata. In zan iya, wurina na nan. In ba zan iya ba, za a ba Dogo doguwar hular babban kuku, ni kuma a ba ni sito in riƙa karɓar kaya. Sito, Yaya! In zauna ina auna albasa ina leƙa bakin kifi, Dogo na ba da umarni a kicina.

Da likitar ta zo zagaye na tare ta, na ce ta mayar mini da bututu in tafi, wannan karon na san abin da ke ciki, zan kiyaye. Ta ce ramin ya cike fiye da rabi, amma rabi ba warkewa ba ne, in aka cire soson yanzu aikin baya ya tashi a banza. Ta ce ita ba ɗan sanda ba ce, in na dage ba za ta ɗaure ni a gado ba. Na ce zan yi tunani. Gaskiyar magana na riga na gama tunanina, tafiya zan yi. Ce wa kaina nake, da ban sani ba ne, yanzu kuwa ai na sani.

Akwai wani dattijo a gadon da ke kusa da nawa, tsohon tela, hannunsa na rawa, ba ya iya kai cokali baki sai ya zubar. 'Yarsa ke ba shi, to jiya da rana ta makara. Abincin na ta hucewa a gabansa yana kallo. Na ce Baba kawo in ba ka. Na jawo ƙarfen ledata na zauna a bakin gadonsa, na gauraya shinkafar da miya, na ɗebo. Ina yi masa hira, ina ba shi labarin wani baƙo da ya taɓa dawo mana da kaza sau uku. Ban san komai ba sai ji na yi an doke mini hannu, cokali ya yi sama, miya ta wanke mini gaban riga. Maman 'Yan Biyu ce ta shigo. Cokalin a leɓena yake, Yaya. Bakina a buɗe, da roba a hancina da inji yana zuƙa, zan ji ko gishiri ya ji kafin in ba shi.

Kowa a ɗakin ya zuba mini ido, har nas ta tsaya da tirenta. Shi kuma dattijon, bawan Allah, sai ya turo mini farantin da hannunsa mai rawa, ya ce wa matata ta bar ni in ci, shi ya ƙoshi, tun da aka kawo ni bai ga na sa komai a baki ba. Tausayina yake ji, ya zaci yunwa ce ta sa na rasa kunya. Rabona da kuka tun rasuwar Inna, amma jiya na yi, a gaban maza biyar.

Yau da safe na sa aka kira mini manaja a waya. Na ce a ba Dogo hular. Na kuma gaya masa ba ƙaba ba ce.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Randa

---

Zuwa ga Yaya, uwa bayan uwa,

Aminci ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, ina yi miki albishir, ramin ya rufe.

A leƙawar ƙarshe likitar ta ga saura ɗan tsagi, ta kama bakinsa da wani ɗan ƙarfe mai kama da abin maƙale shanya. Bayan kwana biyu aka ba ni wani ruwa na sha a gaban na'urar hoto, ya wuce sumul, ko ɗigo bai fita ba. Ta nuna mini wurin a talabijin, sabon nama ja-ja-jur. Ta ce tumbina ya tsira, likitocin tiyata su nemi wani. Na yi ta yi mata godiya har ta gudu. Yanzu ina gida, na fara cin abu mai laushi, cokali kaɗan sai in ji na cika. An dawo da girki a gidan, 'yan biyu har sun fara kumatu.

Shekaranjiya na je otal miƙa aiki. Na tara yaran kicin na gaya musu abin da aka yi mini tun daga farko, kaina a sunkuye. Na zaci za a yi dariya, ba wanda ya yi. Wani ma kuka ya fashe da shi, wai shi ya fi kowa miƙo mini cokali. Na ce ya yi mini shiru, aikinsa ya yi.

Na juya zan wuce sito ke nan aka sauke miyar rana. Dogo, da doguwar hular a kansa, ya ɗebo a cokali, ya tare ƙasansa da tafin hannu, ya nufo ni kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sai da ya zo gabana ya tuna, ya tsaya cak. Ni kuwa bakina har ya fara buɗewa. Na mai da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya, na ce masa ya ɗanɗana da kansa, tukunyarsa ce. Ya kai bakinsa, ya dube ni yana jiran in faɗi wani abu. Na kau da kaina gefe. Da ya ga haka ya ɗaga kai ya ce a fitar.

Aka wuce da ita ta gabana, Yaya, tana tururi. Ban san ko gishiri ya ji ba, kuma har yau ban tambayi kowa ba.

Yanzu kina iya zuwa, ki kuma gaya wa dangi in kin ga dama. Ki gaida maigidan da yara da jikoki, Maman 'Yan Biyu na gaishe ki ƙwarai.

Ƙaninki, mai tsaron sito,
Randa